Rijiyar Ɗan'azumi a Jidda

Ɗan'azumi na Kwarin Maje bai taɓa jin an ambaci wani aiki a duniya ya ce bai iya ba. In ka ce tuƙin mota, sai ya ce ai ƙanin babansa ya nuna masa tun yana ɗan mitsitsi. In ka ce ɗori, sai ya ce awakin unguwarsu duk shi ya ɗora su. Saboda haka da aka ce ƙungiyar samarin agaji ta garin za ta tura wasu Jidda su yi wa alhazai hidima, a shekarun nan da jirgin sama ya fara kwasar mutane daga Kano, shi ya fara zuwa aka auna masa kaki. Ya samo hula mai baki, da ɗamara mai ƙarfe, da takalmin soja wanda ya fi ƙafarsa, ya rataya usur a wuya. Kafin ya tashi kuma ya sa mai fenti ya zana jirgi a bangon zaurensu, ya rubuta Alhaji a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Tsohuwarsa ta ce, "Kai kuwa ka bari ka je ka dawo mana."

Ya ce, "Inna, mai fentin ne ba ya samuwa bayan salla."

Aka sauke su a wani fili kudu da Jidda, tsakanin unguwar Hausawan garin da bakin teku. Ga tantuna, ga akwatunan ƙarfe jibge, ga tsofaffin alhazai zube ana jiran motocin Makka. Babbar wahalar wurin ita ce ruwa. Sai an taka har bazan, wato famfon unguwa, cikin ranar da ke sa mutum ya manta sunan ubansa, a ciko garwa a ɗauko a ka. Samari suka yi ta jigila, wuyansu kamar ya tsinke. Shi kuwa gogan naka ya naɗa kansa mai kula da layi. Ya samu inuwar tanti ya tsaya, duk wanda ya wuto da garwa ya busa masa usur ya ce ya ɗaga ƙafa.

Shugaban tafiyar, Malam Na'ibi, tsohon malamin makaranta ne da ba ya son doguwar magana. Wata safiya bayan an idar da salla ya tara samarin.

Ya ce, "In motoci suka zo kowa zai tafi Makka da Mina da Arfa, ban da mutum guda. Tantunan nan da akwatunan bayin Allah ba za su tsare kansu ba. Ƙuri'a kuma ba zan yi ba. Zan duba wanda rashinsa ba zai rage mana komai a wurin aiki ba, shi zai zauna."

Ba wanda ya kira sunan kowa, amma wuyoyi duk suka juya gefe guda. Ɗan'azumi shi ma ya waiga ya ga wa ake kallo, ya tarar ba kowa a bayansa sai igiyar tanti.

Rafi'u, wani ɗan ajinsu mai baki kamar reza, ya matso ya rusuna masa. "Alhajin Jidda, barka da zama."

Aka fashe da dariya. Ɗan'azumi ma ya yi ta yaƙe. A ce ya zo har nan, yana jin ƙamshin Makka, ya koma gida bai tsaya Arfa ba, ga jirgi a bango kowa na gani? Wallahi gara a ce jirgin gaske ya mance da shi a Kano. Tsoro ya kama shi sosai, har ya kasa karin kumallo. Ya tafi bakin fili wurin Hajiya Luba ya sha ko shayi ne.

Hajiya Luba haifaffiyar Jidda ce, jikar mutanen da suka zo hajji da ƙafa ba su koma ba. Tana sayar da shayi da ƙosai, Hausarta kuma rabi Larabci ce. Yana zaune yana kallon samari na wucewa da garewani, sai ya dubi teku, ya dubi yashi, ya sake duban teku. Ya ajiye kofi da ƙarfi.

"Hajiya, wai ku tun kakanninku ba wanda ya yi tunanin tona ƙasa?"

"A tona a yi me, ya waladi, ɗana?"

"Ruwa mana! Mu a Kwarin Maje in rani ya yi rafi ya ƙafe, kamu biyu za ka tona a yashi ruwa ya biyo hannunka, garai-garai, mai sanyi. Rafin da akuya ke tsallakewa ke nan fa. To ina ga wannan uban ruwan da ke kwance a gefenku?"

"Moyar ƙasar nan, ruwan da kake faɗa, gishiri ce zalla. Ko jaki ba ya sha."

"Gishirin a sama yake, Hajiya, yashi na tace shi. Ke dai ba ki san ni ba ne. Kakana shi ne Sarkin Rijiya na ƙasarmu, kunne yake karawa a ƙasa ya ji ruwa na hira. Ni kuwa da kunnensa aka haife ni."

Ta juya ƙosanta ta ce, "Ɗayyib. Allah ya ba kunne lafiya."

Ya tafi kai tsaye wurin Malam Na'ibi, ya ƙame ya sara, ya ce daga yau an gama ɗaukar garwa a wannan fili.

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Ka taɓa haƙa rijiya?"

"Allah gafarta Malam, ai wannan tambaya ga ɗan gidanmu sai ta zama zagi."

"To ga shebur can."

Aka shiga neman idon ruwa. Ɗan'azumi ya durƙusa ya riƙa rarrafe yana kara kunne a yashi, samari na biye, alhazai na biye da samari, yaran unguwa na biye da kowa. Ya mance yashin Jidda da hantsi ba na Kwarin Maje ba ne, kafin a jima kunnen ya soyu ya yi jawur. Ya ce alamar ruwan na kusa ke nan, shi ne ke jan jini. Ya nuna wani wuri ya ce a nan, ya ɗaga shebur ya kafta, ashe turken tanti ne a ƙarƙashi. Tantin ya kife kan wasu dattawa da ke tsakiyar karatun addu'o'in ɗawafi, sai salati kake ji da tari daga ciki. Da aka zaro su ya ce su yi haƙuri, ruwan ne ya matsa.

Wuri na biyu an ɗan nutsa sai ga ƙasusuwan raƙumi. Ɗan'azumi ya ɗaga ƙashin haƙarƙari sama ya nuna wa jama'a.

"Kun gani? Dabbar nan ta san abin da ta zo nema a nan."

Rafi'u ya ce, "Ta nema kuwa, ga ta nan ta samu."

"Kai dai ja guga, ba da kai ake ilimi ba."

Haƙa ta yi haƙa. Gaskiya ranar Ɗan'azumi ya yi aikin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, don duk shebur ɗin da ya ɗaga, Arfa yake gani. Rami ya kai masa wuya, yana cikin yi wa na sama bayanin yadda kakansa ya taɓa haƙa rijiya a kan dutse, sai gefe guda ya zabtaro ya binne shi har ƙirji. Aka zura igiya aka yi ta ja yana ihu a bi a hankali. Aka samu shi ya fito, wandon ya ce shi ya samu wurin zama. Matan da suka zo kallo suka watse suna a'uziyya, shi kuwa ya ce haka ake yi, sabuwar rijiya sai ta karɓi tukuici. Aka samo katakon akwatunan lemo aka tokare gefe, ya koma ya tono wandonsa ya ci gaba.

Wajen la'asar sai ya ji sanyi a tafin ƙafa. Ya duba, ga ruwa na tsattsafowa. Ya kwarma ihu, "Ruwa! Ruwa!" Fili ya ɗauki kabbara, kawuna suka kewaye bakin rami. Ya kamfato da hannu biyu, ya ɗaga don kowa ya gani, ya kai baki ya kurɓa.

Kai, jama'a! Ba gishiri kaɗai ba ne, har da ɗaci, har da wani wari na ruɓaɓɓen kifi. Harshensa ya naɗe, maƙogwaro ya ce bai san zancen ba. Ga idanu a sama sun zubo masa, ga Malam Na'ibi a tsakiya. Ya runtse ido ya haɗiye, hawaye suka zubo.

Malam ya ce, "Yaya?"

Da ƙyar murya ta fito. "Zuma, Allah gafarta Malam."

Wani dattijo mai ciwon gwiwa, Alhaji Usuman, ya ce, "Allahu akbar, kukan daɗi yake. Miƙo mana mu sa albarka, ɗan nan."

"A'a, Baba! Sabuwar rijiya kunya gare ta. Sai ta kwana, a kewaye ta da tabarma, kuma ba mai zura mata guga sai wanda ya haƙa ta. In baƙon hannu ya taɓa, sai ta juya ta zama gishiri. Mun sha gani."

Aka kewaye rami da tabarmi, kowa ya koma yana sa albarka. Ɗan'azumi ya kwana da ƙishirwa da tunani.

Akwai wani sagga, wato ɗan ga-ruwa, mai suna Abdulgaffar, Bahaushe ne da iyayensa suka zo daga Sudan. Kullum yana wucewa ta bakin filin da jakinsa da amalanke da gangar ruwa. Shi Ɗan'azumi ya tare da sassafe ya ja gefe, suka yi ƙus-ƙus. Jidda kuwa in azahar ta yi, gari mutuwa yake, kowa ya shige inuwa ya yi barci, ko kare ba ka gani. A wannan lokaci Abdulgaffar ya lallaɓo da wata tsohuwar ganga marar murfi. Suka zura ta cikin rami, suka danna, suka ɓoye gefen bakinta da yashi, suka cika ta da ruwan bazan.

Abdulgaffar ya miƙo hannu. "Yalla, ya akhi, biya ni."

Ɗan'azumi ya kwance ƙullin goron da tsohuwarsa ta ba shi ya kai wa malaman Makka. A Jidda kuwa goro ba abin wasa ba ne. Sagga ya sansana, ya ce halas, ciniki ya faɗa.

Da la'asar aka ɗage tabarma. Ɗan'azumi ya zura guga yana motsa baki kamar mai addu'a, ya jawo, ya miƙa wa Malam. Malam ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya ce, "Ikon Allah." Shi ke nan fili ya rikice. Alhaji Usuman ya sha ya shafa a gwiwa, ya tashi ya yi taku uku ba sanda, ya ce ciwon shekara da shekaru ya tafi. Ɗan'azumi ya gyara hula ya ce wannan kaɗan ma ke nan, rijiyar ba ta gama farkawa ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne baki. Kafin gari ya waye labari ya zaga unguwa cewa wani yaro daga Nijeriya ya tono ruwan daɗi a inda kakanni suka kasa. Mata suka fito da garewani, tsofaffi da butoci, wani Bayamale mai shago ya zo da tulu har biyu. Ganga kuwa ganga ce, guga kaɗan sai a ji ƙarfe na ƙara. Da ya ji haka sai ya saki tabarma ya busa usur.

"Rijiya ta shiga hutu! Sai bayan azahar!"

Hajiya Luba ta karɓi kofi guda ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta dube shi.

"Subhanallah, ya waladi. Har tsatsar gangar Abdulgaffar rijiyar nan ta gado."

"Jijiyar ruwan ɗaya ce, Hajiya. Ta ƙarƙashin ƙasa suke gaisawa."

"Sah, haka ne. Jijiya mai jaki."

Ya yi kamar bai ji ba.

Goro ya ƙare. Da azahar ta gaba Abdulgaffar ya tsaya da jaki bai kwance ganga ba, ya ƙura wa kan Ɗan'azumi ido.

"Hular nan kwayyis, ta yi kyau."

"Kai, wannan hular hukuma ce!"

"Ɗayyib. Hukuma ta ba ka moya." Ya juya kan jaki.

Hula ta tafi. Kashegari ɗamara ta bi ta. Jama'a na ƙaruwa, sawu ɗaya ya daina isa, takalmin soja ya tafi ƙafa ɗaya da azahar, ɗayar kafin la'asar. Malam Na'ibi ya gan shi yana tsalle-tsalle a yashi mai zafi ba takalmi, ya tambaye shi ina kayan aikinsa.

"Na yi sadaka da su, Allah gafarta Malam. Mutum ya zo ƙasa mai tsarki ya tsaya ado?"

Alhaji Usuman ya share hawaye ya ce yaron nan ya saki duniya. Riga ta tafi, wando ya tafi, wannan karon ba dawowa. Ranar da Abdulgaffar ya nuna usur, Ɗan'azumi ya roƙe shi da girman Allah da na iyaye, sagga ya ce jaki ma yana da iyaye kuma ya gaji. Usur ya tafi. Da ya duba akwati bai ga abin sawa ba, sai ya zaro haraminsa ya ɗaura, alhali ba a ko ji ƙarar motocin Makka ba. Aka ce kai, dubi ɗoki irin na masu imani.

Duk da haka hankalinsa kwance yake. Tun da rijiya ta samu, masu ɗaukar garwa suka zama ba su da aiki, Malam kuma ya ce Rafi'u ne zai zauna gadin kaya. Rafi'u ya zauna bakin tanti ya haɗa kai da gwiwa. Ɗan'azumi ya bi ta gabansa yana jan harami, ya rusuna.

"Alhajin Jidda, me za a sayo maka a Mina?"

Ranar tafiya motoci suka jeru da hantsi, ana ta ɗora tabarmi da butoci. Malam ya ce niyya sai an hau mota, amma kafin nan a taru a bakin rijiya a yi addu'a. Ya yabi Ɗan'azumi yabon da bai taɓa yi wa kowa ba, gogan yana sunkuyar da kai yana leƙen wace mota ce mai kujerar gaba. Ana shirin shafawa sai ga Hajiya Luba ta ratso taro, matan unguwa na biye da ita.

"Ya Malam, mun zo roƙo. Yaron nan da bakinsa ya ce in baƙon hannu ya taɓa rijiyar nan gishiri za ta koma. Ku tafi da shi, wa zai zura mana guga? Haram alaikum, ku ɗanɗana mana daɗi ku ɗauke? Ku bar mana shi." Ta dubi Ɗan'azumi da fuskar tausayi, idonta kuwa dariya yake.

Mata suka ɗauka, "A bar mana shi! A bar mana shi!"

Malam ya shafa gemu. "Gaskiya ne. Da ma mutum guda za a bari. Tunda rijiya ba ta yarda da kowa sai shi, ga gadi ga shayarwa, lada biyu. Rafi'u, ɗauko kayanka."

Rafi'u ya yi wani tsalle har da juyi. Ɗan'azumi ya yi wuf ya matso kusa da Malam.

"Allah gafarta Malam, ai... ai rijiyar ta saba da mutane yanzu. Kowa ma ya zura."

"Jiya ka ce sai ta shekara."

"Ta yi saurin girma ne."

"A'a, kada mu yi ganganci da ni'imar Allah."

Direba ya danna ham. Alhazai suka fara hawa. Ɗan'azumi ya ga da gaske Arfa za ta tafi ta bar shi, sai ya daka tsalle ya tare gaban Malam, ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a, ku tsaya! Ƙarya ce! Wallahi ƙarya nake! Ba rijiya ba ce, ganga ce na binne! Kakana ma ba Sarkin Rijiya ba ne, wanzami ne!"

Kowa ya juyo. Can Alhaji Usuman ya girgiza kai.

"Kun ji tawali'u. Ba ya son a san baiwarsa."

"Baba, wallahi ruwan bazan ne!"

"Ruwan bazan ne ya warkar mini da gwiwa? Yaro, kada ka butulce."

"Na rantse da..."

"Haka bayin Allah suke," in ji wata tsohuwa, ta matso tana shafa haraminsa tana shafawa a fuska. Wasu suka biyo ta. Ya yi ta fizgewa yana rantsuwa, yana rantsuwa ana ƙara kabbara. Mutumin da ya shekara yana ƙarya ana gyaɗa kai, yau ya faɗi gaskiya tsirara an rasa mai saye.

Sai aka ji usur daga bakin fili. Aka waiga, ga wani ɗan agaji cikin cikakken kaki, hula mai baki, ɗamara na walƙiya, takalmin soja, yana jan jaki. Samari biyu har sun ƙame sun sara kafin su gane Abdulgaffar ne.

Ɗan'azumi ya ruga ya cafko hannunsa. "Yauwa! Faɗa musu! Faɗa musu wa ke cika ta!"

Abdulgaffar ya dubi taro, ya dubi sauran haramin da bai karɓa ba tukuna, ya ɗaga kafaɗa. "Ana ma adri, ban san komai ba. Ni mai wucewa ne."

"To kayan wa ke jikinka?"

"Sadaka ce. Kai ka faɗa."

Alhaji Usuman ya ce, "Allahu akbar, ga ma wanda ya ba."

Nan fa Ɗan'azumi ya haukace. Ya banke tabarmi, ya ce yau sai kowa ya ga ganga da idonsa, ya tattare harami ya faɗa rami. Ya kuwa faɗa daidai bakin gangar, ta mazaunai, ya nutse a ciki gwiwoyinsa suka haɗu da haɓa. Ya yi motsi ya ji shi cas, kamar da shi aka ƙera ta. Ruwa ya yi tsiri ya jiƙa na gaba-gaba.

"Ku fitar da ni! Na maƙale!"

Aka zura igiya ya sa a hammata, samari suka ja, ko gezau. Aka ƙara da direbobi, ko gezau. Rafi'u ya ce a ɗaura wa jaki, tunda shi ya san hanyar rijiyar. Aka ɗaura, Abdulgaffar ya busa usur ya ce yalla, jaki ya zabura. Sai ji aka yi fuuut, ga Ɗan'azumi ya fito da ganga manne a bayansa, jaki na jan su a yashi, hannu da ƙafa na reto a waje kamar kunkurun da aka kifar. Jakin da ya ji ƙarar ƙarfe na bin sa ya ƙara mai, ya zaga da shi tsakanin motoci, yara na bi suna tafi, har sai da gangar ta daki tayar mota ta tofo shi.

Ba wanda ya iya magana don dariya. Hajiya Luba ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe da ciki tana cewa ya sattar. Malam Na'ibi kaɗai bai yi dariya ba. Ya leƙa rami, ya ga wani ruwa mai launin toka na taruwa a gurbin ganga. Ya sa Rafi'u ya ɗebo, ya kurɓa kaɗan, fuskarsa ta tattare wuri guda. Ya furzar, ya miƙa wa Alhaji Usuman. Dattijo ya ɗanɗana, ya dafe gwiwa ya ce wayyo, a miƙo masa sandarsa.

Ɗan'azumi ya rarrafo ya durƙusa gaban Malam, yashi har cikin hanci, amma da ɗan haske a fuskarsa.

"Allah gafarta Malam, ka gani da idonka. Ba rijiya, ba mai tsaron rijiya. Wace mota zan hau?"

Malam ya goge tabarau ya mayar. "Da ta gaske ce, kai za ka zauna ka tsare ta. Tunda ta ƙarya ce, kai za ka zauna ka cike ta, kafin ɗan wani ya faɗa. In ka gama, ga tantuna ga akwatuna." Ya juya wajen sagga. "Kai kuma, ashe kai ke shayar da alhazai ba mu sani ba. A Mina muna bukatar mai ruwa, ga shi har ka yi shiri. Za ka?"

Abdulgaffar ya ƙame ya sara da hannun hagu. Ya miƙa wa wata mata igiyar jaki, ya haye kujerar gaba.

"Malam! Malam, don Allah! An riga an zana jirgi a gidanmu!"

Malam ya ce, "Allah ya kai mu baɗi," ya hau mota.

Motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauki Labbaika, muryoyin tsofaffi da na samari suka haɗu suka cika fili. Ɗan'azumi ya bi su da gudu har bakin titi, harami na warwarewa, ƙura ta rufe shi. Ya tsaya yana kallo har ta lafa. Sannan ya juyo, ya ɗauki shebur, ya sauka ramin don ciro katakon da aka tokare gefe da shi.

Daga can ƙasa yana jiyo Labbaikar tana nisa tana nisa. Ya buɗe baki ya amsa ta a hankali, shi kaɗai, ƙafafunsa cikin ruwan gishiri. Bai kai ƙarshe ba murya ta karye, ya kifa goshi a jikin shebur ya yi ta kuka, kuka na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Inuwa ta rufe bakin rami. Hajiya Luba ce, da kofin shayi a hannu, dariyar kuma ta bar fuskarta.

"Fito ka yi kukanka a waje, ya waladi. Gishirin da ke ciki ya isa."

Ya ja hanci, ya goge ido da gefen harami, ya ɗago kai.

"Wa ya ce miki kuka nake, Hajiya? Ni dai haka Allah ya yi ni. Duk inda na tsaya sai ruwa ya fito."

Ta ajiye masa shayin a bakin rami. Ya miƙo katako na farko, ta karɓa.